Zumunta A Ƙafa Take, To In An Tare Hanya Fa?

Akwai wata magana da na gaji da ji, kuma yau zan amsa ta. Duk lokacin da aka ce wani babba, magidanci ko matar aure, ya ɗauki waya ya kira masanin halayyar ɗan Adam domin a saurare shi a kan fargaba ko baƙin cikin rashi, sai ka ji an yi masa caa. Wai wannan al'adar Turawa ce. Wai mu da muke da dangi da maƙwabta da malamai, me ya kai mu ga wani baƙo a intanet? Wai ƙarancin tawakkali ne. Masu faɗin haka ba jahilai ba ne, domin a cikinsu akwai marubuta, akwai malaman makaranta, akwai waɗanda ake jin maganarsu a majalisa. Shi ya sa maganar take da illa. Da mahaukacin bakin kasuwa ne ya faɗe ta, da an yi dariya an wuce. Amma tun da masu mutunci ne suke faɗa, sai mai ciwo ya haɗiye ciwonsa, ya ci gaba da murmushi a waje, ciki kuwa yana ci da wuta.

Ina gayyatar masu wannan ra'ayi su biyo ni zuwa Hartum da Umdurman, mu auna maganarsu a can. In ta tsaya da ƙafarta a can, na sallama.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdul Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemeti. A tsakiyar babban birni aka fara, a filin jirgin sama da fadar shugaban ƙasa da hedikwatar soja, daga nan ya shiga unguwa-unguwa, gida-gida. Kafin a cika shekara biyu, mutum sama da miliyan 12 sun bar gidajensu, wasu a cikin ƙasa, wasu sun tsallaka Masar da Chadi da Sudan ta Kudu da Habasha. Sai a watan Maris 2025 sojoji suka ƙwace fadar shugaban ƙasa da filin jirgin, bayan kusan shekara biyu ana ɓarin wuta a kan mutane.

Kada wani ya ce mini wannan labarin wasu ne can nesa. Tun bayan yaƙin Burmi a 1903, da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'arsa har ya kafa garin da ake kira da sunansa a bakin Kogin Nilu Shuɗi, jininmu yake a Sudan. Ga alhazan ƙafa da suka yi shekaru a hanyar Makka, da yawansu suka yada zango suka zama 'yan ƙasa, a Gadarif da Kasala da Sinnar da Damazin da unguwannin Hartum da Umdurman. Ga gonakin audugar Jazira da guminmu ya shayar. Ga 'ya'yanmu ɗalibai na Jami'ar Afirka da sauran makarantu, waɗanda aka kwaso cikin motocin safa a ƙarshen Afrilu 2023, suka yi kwanaki a yashe a bakin iyakar Masar kafin jirgin farko ya sauke su a Abuja a farkon Mayu. 'Yan Najeriya sama da 2,000 aka dawo da su. Suna nan a Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, kuma da yawansu ba wanda ya taɓa zaunar da su ya tambaye su abin da idonsu ya gani.

Na yarda da abokan jayayyata a kan abu ɗaya, kuma yarda ta gaskiya: zaman makokinmu magani ne babba. Wanda ya tsara shi ya san zuciyar ɗan Adam. An yi rashi, kafin ka farga gida ya cika. Maza sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata suna ciki, maƙwabta sun ɗauke wa gidan girki, wani ya tafi neman likkafani, wani ya tafi haƙa kabari. Ka ga gawar da idonka, ka yi mata salla, ka zuba ƙasa da hannunka, don haka zuciyarka ba ta da sauran musu. Kowa ya zo gaisuwa sai ka sake ba shi labarin yadda abin ya faru, sau goma, sau hamsin, har labarin ya daina yanka ka kamar wuƙa. Sai kwana uku, sai bakwai, sai arba'in, kowane zango yana sassauta ɗaurin kaɗan. Mai takaba tana da wata huɗu da kwana goma, da masu taya ta zama. A Sudan ma haka abin yake, har ya fi namu ƙarfi a wasu wuraren: a kafa rumfa a kan titi, mai shigowa ya ɗaga hannu a yi Fatiha tare, a buɗe takarda kowa ya rubuta gudummawarsa, a yi ta zagayawa da shayi har kwana uku.

To amma a duba da kyau, kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar abu uku: gawa, da gida, da hanya. Yaƙin Hartum ya cinye duka ukun. Mutane sun binne iyayensu a tsakar gida, a filin ƙwallo, a harabar makaranta, a gefen titi, saboda kaiwa maƙabartar Ahmad Sharfi ko wata maƙabarta yana nufin a ƙara gawa a kan gawa. Sai a 2025 hukumomi da ƙungiyar agaji ta Jinjirin Wata suka shiga tono waɗannan kaburbura ana mayar da su maƙabartu. Wasu kuwa ko gawar ba su gani ba, mutum ya fita neman ruwa ko burodi, shi ke nan. Gadar Shambat da ta haɗa Umdurman da Bahri an karya ta a watan Nuwamba 2023, sauran gadojin kuma a lokacin kowace tana hannun masu bindiga. Uwa tana Alƙahira, ɗa yana Port Sudan, 'ya tana Kampala, ƙane yana Riyad, kishiya tana Gadarif. A wace ƙofar gida za a shimfiɗa tabarmar? Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, na yarda. In an tare hanya da shingen masu bindiga fa, sai zumuntar ta mutu?

Ina da 'yar'uwa ta wajen uwa, haifaffiyar Umbadda a Umdurman, wadda harsashin igwa ya kashe mijinta a ƙofar shagonsa. Maƙwabta biyu ne suka binne shi da sauri, ita ba ta gan shi ba. Ta yi takabarta a ajin wata makarantar firamare a gabashin ƙasar, ita da iyalai huɗu, an raba ajin da zannuwa. Ba wanda ya zo mata gaisuwa, domin kowa a wurin yana da nasa mamacin. Wata shida ba ta yi barcin kirki ba. In an buga ƙofa da ƙarfi sai jikinta ya ɗauki rawa, numfashi ya sarƙe, ta ga kamar ranta ne zai fita. Mu da muke nan, duk wanda ya same ta a waya abu ɗaya yake faɗa: “Yi haƙuri, Yaya, sai haƙuri.” Ita kuma ta ce “Na gode,” a kashe waya. Wadda ta fara ce mata “Ba ni labarin ranar, daga farko, ba na sauri” wata 'yar Sudan ce mai ilimin halayyar ɗan Adam, ita ma 'yar gudun hijira a wata ƙasa, da take sauraron mata kyauta ta WhatsApp. Sau ɗaya a mako, in sabis ya yarda. Mijin bai dawo ba, gidan bai dawo ba. Barci dai ya fara dawowa, kuma ta koma iya kula da 'ya'yanta. Wanda yake ganin wannan ƙarancin tawakkali ne, ya faɗa mini abin da shi ya tanadar mata.

Mu koma kan zancen cewa wai abin Turawa ne. Wannan ita ce mafi raunin hujjojinsu, kuma Umdurman ɗin kanta ce take ƙaryata ta. Babban asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na birnin sunan Dokta Tijani al-Mahi yake ɗauke da shi. An haife shi a 1911, ya rasu a 1970, shi ne ɗan Sudan na farko da ya ƙware a wannan fanni, kuma ana lissafa shi cikin iyayen fannin a Afirka baki ɗaya. Abin da ya yi suna a kansa shi ne ƙin raina malaman gargajiya. Ya zauna da shaihunai da masu rubutun sha, ya nazarci zar, wadda ita ce 'yar'uwar borinmu, ya fahimci cewa mara lafiya wurinsu yake fara zuwa, don haka ya nemi su yi aiki tare, su riƙa turo masa waɗanda abinsu ya fi ƙarfin addu'a kaɗai. Dokta Taha Ba'ashar, wanda asibitin Bahri yake ɗauke da sunansa, ya ɗora a kan wannan hanya. A Najeriya kuma, a 1954, Dokta Adeoye Lambo ya fara tsarin Aro a Abeokuta, inda mara lafiya yake zama a ƙauye tare da danginsa yana karɓar magani. Waɗannan duk 'yan Afirka ne, kuma Turawan ne suka zo suna koyo a wurinsu.

Sai Farfesa Malik Badri, ɗan Babikir Badri wanda ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907, makarantar da ta zama tushen Jami'ar Ahfad ta mata da ke Umdurman. Malik Badri, wanda ya rasu a 2021, ya kwashe rayuwarsa yana sukar masana Musulmi masu haɗiye duk abin da Freud ya faɗa ba tare da tauna ba. Ke nan ba za a kira shi ɗan koren Turawa ba. Amma shi ne ya fassara zuwa Ingilishi aikin Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934, wanda ya ware rabin littafinsa ga lafiyar rai. Balkhi ya yi bayanin tsoro da firgici da fushi da waswasi, ya bambanta baƙin cikin da yake da dalili sananne da wanda yake sauka haka kawai daga jiki, ya kuma nuna cewa mai irin wannan ciwo yana buƙatar mai hikima daga waje da zai yi masa magana, domin mutum ya fi karɓar nasiha daga bakin wani a kan ta bakin kansa. Shekara fiye da dubu ke nan. Wane Bature ne ya koya masa? A gidanmu ma, Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta ɓoye raɗaɗinta ba lokacin da ta rasa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da mijinta Giɗaɗo, ta zuba shi a waƙoƙin marsiyya kowa ya karanta. Ban ji wanda ya ce ta rasa tawakkali ba.

Abin da ya faru da mu shi ne mun mayar da kalmar haƙuri murfin tukunya. Asalinta kalma ce mai girma, ta juriya da tsayuwa. Amma a bakin da yawanmu ta zama hanyar cewa “yi shiru, ka dame ni.” Muna faɗinta ne domin mu huta da nauyin sauraro. Annabi Yaƙub, Alaihis Salam, ya yi kukan ɗansa har ganinsa ya tafi, kuma shi ne abin misali wajen kyakkyawan haƙuri. A tarihin Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, akwai shekara guda da aka sa wa suna Shekarar Baƙin Ciki. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kama yana addu'a kuma yana shan magani, ba mai zarginsa. Me ya sa sai wanda zuciyarsa ta karye ne za a ce ya zaɓi ɗaya?

Da yawan masu sukar ba su ma san abin da ake yi a irin wannan zama ba. Suna zaton ana kwantar da mutum ne a doguwar kujera ana tambayarsa laifin uwarsa, kamar a fim. Ga abin da ake yi. Jikin ɗan Adam yana da ƙararrawar haɗari: in ya ji barazana, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarta, tsoka ta ɗaure, domin ya gudu ko ya kare kansa. Wanda ya yi watanni ƙarƙashin ruwan bama-bamai, ƙararrawarsa takan maƙale, ta ci gaba da kaɗawa ko bayan haɗarin ya wuce. Shi ya sa ɗalibin da ya dawo Kano yake faɗawa ƙarƙashin gado in an fasa nakiyar wasa ranar Salla, mutanen gida su ce aljanun Sudan ne suka biyo shi. Mai ba da shawara yana fara bayyana wa mutum wannan, kuma sanin cewa ba hauka ba ne, ba mutuwa ba ce, shi kaɗai yana rage rabin tsoron. Sai ya koya masa jan numfashi a hankali domin kwantar da jiki. Sai su jera matsalolinsa, a ware waɗanda za a iya taɓawa daga waɗanda suka fi ƙarfinsa, a ɗauki ɗaya a yi mata dabara. Sai a mayar da shi kan ƙananan ayyukan yau da kullum da ya watsar, wanka, girki, zuwa masallaci, gaida maƙwabci. Sai a tambaye shi wa ya rage masa a cikin dangi, a tura shi wurinsu. A lura da wannan na ƙarshe. Mai ba da shawara na gari dangin yake mayar da kai wurinsu.

Kuma ba kowane mai makoki ne mara lafiya ba, masana ma ba su ce haka ba. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya sanya baƙin cikin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa cikin larurori, amma da sharaɗi: sai ya wuce aƙalla wata shida, ya zarce abin da al'ada da addinin mutumin suka saba da shi, kuma ya hana shi tafiyar da rayuwarsa. Ma'aunin namu ne ke nan. Ita dai hukumar ta ƙiyasta a 2019 cewa a yankunan da ake yaƙi, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga ƙuncin rai zuwa firgici zuwa taɓin hankali. A auna wannan da miliyoyin da suka fita daga Hartum. Sannan a tuna cewa a wuraren da yaƙin ya fi zafi, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na asibitoci sun daina aiki, kuma tun kafin yaƙin ƙwararrun fannin ba su da yawa, mafi yawansu ma suna Ingila da ƙasashen Larabawa. Hanya ɗaya da ta rage tsakanin likitan da ke Manchester da matar da ke ajin makaranta a Kasala ita ce wayar nan da ake rainawa.

Yana aiki kuwa? An gwada. A Lebanon, Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aikatar lafiyar ƙasar sun gwada wani shiri na waya mai darussa biyar a kan 'yan gudun hijirar Siriya, tare da mataimaki wanda ba likita ba, da yake tuntuɓar mutum na 'yan mintuna kowane mako. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna ƙuncin ransu ya ragu fiye da na waɗanda ba su bi shirin ba. A Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, kakanni, su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu ciwon da mutanen ƙasar suke kira yawan tunani, sunan da mu ma muke kiransa da shi. Binciken 2016 ya tabbatar da amfaninsa, daga baya kuma suka ƙara da yin sa ta waya. Darasin a fili yake: abin da ake buƙata shi ne kunne mai horo da riƙon amana, ko a kan benci ko a kan layi.

Yanzu bari in faɗi aibin abin da nake karewa, tun da masu sukarsa sun kasa gano aibin nasa na gaskiya, sun tsaya a kan na ƙarya.

Na farko, waya ba ta aiki sai da sabis da caji da kuɗin data. A farkon Fabrairu 2024 layukan Zain da MTN da Sudani duk suka ɗauke, ƙasar ta shiga duhu, kuma a sassan Hartum an yi watanni a haka. Manhajar Bankak da mutane suke karɓar taimakon 'yan'uwa da ita ta tsaya, ɗakunan girkin unguwa da yawa suka kashe murhu. Abin da ya rage shi ne farantan Starlink da aka shigo da su ta bayan fage, ana biya awa-awa, da yawansu kuma a hannun masu bindiga. Wace mace ce za ta tsaya a kasuwa, mai bindiga a gefenta, ta faɗi abin da aka yi mata? Waɗanda suka fi kowa buƙata su ne abin ya fi wuyar kaiwa gare su.

Na biyu, ba a yi wa mai yunwa nasiha. Wanda 'ya'yansa suka kwana biyu ba su ci ba, fargabarsa gaskiya ce, maganinta hatsi. Matasan Sudan sun fahimci wannan. Ɗakunan agajin gaggawa da suka kafa a unguwanni, a kan tsohuwar al'adarsu ta nafir, wadda ita ce aikin gayya a wurinmu, tukunya suka fara ɗorawa. Takiyya, wato girkin sadaka na unguwa, ita ta riƙe ran dubban mutane a Umdurman da Bahri. Duk mai son kai wa mutane shawara ya bi bayan tukunyar, kada ya sha gabanta.

Na uku, akwai 'yan kasuwa. Baƙin cikin mutane haja ce mai riba. A 2023 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp, ɗaya daga cikin manyan masu sayar da shawara ta intanet, ya biya dala miliyan 7.8 saboda ya miƙa bayanan masu neman taimakonsa ga Facebook da Snapchat da wasu domin talla, bayan ya yi alkawarin sirri. In an yi haka a ƙasar da take da hukuma mai haƙori, me ake zato a inda ba mai tambaya? A shafukanmu ma ga su nan birjik, kowa ya sayi fitilar ɗaukar hoto ya zama “ƙwararre a zamantakewa,” ba takarda, ba horo, mace ta tura masa sirrin aurenta da dare, da safe ta gan shi a shafinsa ana tafka muhawara. Wannan cin amana ne, kuma shi ne yake ɓata sunan masu aikin gaskiya.

Na huɗu, harshe. Ba a kuka da aron baki. Bahaushiyar Mai Wurno ko ta Umbadda tana iya ciniki da Larabci, amma in abin ya kai ƙashi, da Hausa yake fitowa. Kuma Bahaushen Sudan yana da ƙarin tabo, domin tun kafin wannan yaƙi, a 2022, an kashe mutane da dama a rikicin jihar Nilu Shuɗi, aka ƙone gidaje, har Hausawa suka fito zanga-zanga a Hartum da Kasala. Wanda aka taɓa ce masa baƙo a ƙasar da aka haifi kakansa ba zai buɗe cikinsa ga kowa ba. A nan ne nake ganin gazawarmu ƙarara. Muna da sassan nazarin halayyar ɗan Adam da na likitancin ƙwaƙwalwa a jami'o'inmu, muna da asibitocin Kware da Barnawa da Dawanau da Maiduguri, muna da masu jin Hausa da Larabci a lokaci guda. Ina layin da Bahaushe zai kira ko daga ina yake, a amsa masa da harshen uwarsa?

Na biyar, akwai ciwon da ya fi ƙarfin waya. Mai jin muryoyi, mai shirin halaka kansa, wanda ya daina ci da sha, wannan sai an gan shi ido da ido, sai magani, sai wani a kusa da shi. Mai ba da shawara na gari ya san iyakarsa, ya san inda zai tura.

Duk waɗannan dalilai ne na gyara. Ba ko ɗaya a cikinsu da ya ce a bar mutane da ciwonsu. Kuma kafin wani ya yi mini kirarin yadda muke kula da namu a gargajiyance, ya tuna abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna da Daura a 2019, lokacin da aka fito da ɗaruruwan mutane, manya da yara, da mari a ƙafa. Wasunsu ba abin da yake damunsu sai larurar da magana da magani za su iya sassautawa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairu 2023 ta maye gurbin dokar 1958 ta zamanin Turawa, amma doka a takarda ba ta kwance mari.

In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Namu gemun ma ai ya riga ya fara hayaƙi. A Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato da Barno, mata nawa ne suke zaune ba su san ko su yi takaba ko su ci gaba da jira ba, saboda an tafi da miji daji ba labari? Ƙauyuka nawa ne suka watse, ba liman, ba mai unguwa, ba ƙofar gidan da za a shimfiɗa tabarma? Mutum nawa ne suka sayar da gona suka biya kuɗin fansa, wanda aka fanso ya dawo ba ya magana? Abin da ya sami Umdurman a dare ɗaya, mu yana samunmu kaɗan-kaɗan, kuma hanyar da za mu bi mu je gaisuwa ita ce ake tarewa.

Don haka ga abin da nake nema. Malamanmu na addini su bi sawun shaihunan da suka zauna da Tijani al-Mahi, su faɗa a kan mumbari cewa neman mai sauraro ba ya warware tawakkali, su kuma koyi alamomin da za su sa su ce wa mutum ya je asibiti. Jami'o'inmu da asibitocinmu su horar da masu sauraro da Hausa, har da ungozomomi da malaman Islamiyya da tsofaffin ma'aikatan jinya, a ba su layin waya mai sauƙi wanda ƙaramar waya ma za ta iya kira, domin ba kowa ne yake da babba ba. Hukuma ta yi rajistar masu wannan aiki, ta hukunta mai tallata sirrin mutane. Gidajen rediyo, waɗanda har yanzu su ne suke shiga inda intanet ba ta shiga, su ba da fili. Marubutanmu kuma su daina mayar da mai larurar ƙwaƙwalwa abin dariya ko abin tsoro a littattafai da finafinai.

Kai kuma mai karatu, ko mai saurare, akwai naka aikin da ba ya buƙatar digiri. Kana da lambar wani da ya yi rashi, ko ya baro gidansa, ko ya dawo daga Sudan ya zama shiru-shiru. Kira shi. In ka ce masa ya yi haƙuri, kada ka kashe wayar, ka ce ya ba ka labari, ka bar shi ya kai ƙarshe. In ka ga abin ya fi ƙarfinka, nema masa wanda ya sani, kuma kada ka bari kowa ya kunyata shi a kan hakan. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Hartum da Umdurman da dazukanmu, ya ba waɗanda suka rage masu sauraronsu.